Hannun Ummi a Cikin Ruwa

Da kullen korona ya sa aka rufe jami'ar da Abbanmu yake binciken kifaye, sai ya ɗauko wani akwatin gilashi ya girke a falon gidanmu da ke unguwar Cheras. Kifin firana mai cin nama guda biyu ne a ciki, masu jan ciki da haƙora kamar zarto. Har yau ina jin ƙarnin ruwan nan.

Wata la'asar na fito daga ɗaki na tarar da ƙanwata Ummi, 'yar shekara uku, tsaye a kan kujera. Ta ture murfin, hannunta cikin ruwa har gwiwar hannu. Namijin ya rikiɗe ya yi baƙi, yana kewaya ƙarƙashin yatsunta.

Zan ƙwalla ƙara ke nan Abba ya dafa ni.

"Kada ki yi ihu. In ta firgita ta motsa ruwan, shi ke nan."

Ya taka a hankali. "Ummi, me kike nema?"

"Cokalina ya faɗa, Abba."

Ya zura hannunsa ƙarƙashin nata, ya ɗaga ta cak. Kifin ya cafki yatsan Abba, ruwan ya yi ja.

Umma ta fito daga kicin tana salati. "Malam, asibiti!"

"A cikin wannan annobar? Kawo bandeji."

Ya nuna min 'yan ƙwayaye a ƙasan akwatin. "Macen ce ta saka ƙwai, shi yake gadi. Ba shi da laifi."

Muryarsa ƙalau, amma ya kasa ɗaure yatsan. Ni na ɗaure masa. Na girma yanzu, amma in ya miƙo min kofi na ga tabon nan, sai gabana ya faɗi.