Shuɗiyar Rigar Yaya Uzairu

Jami'in tsaro ya turo mini takardar gwajin rigar a ofishinsu, sai ka ce na iya karanta ta.

"Malam Zailani, na'urar nan nauyin ƙwayoyin sinadari take aunawa. Ko an wanke riga, sai ta gano ɓurɓushin nakiya. Kuma ta gano."

Na san za ta gano, tunda ni na shafa.

Gonar gadonmu ta Tarai ce ta haɗa ni rigima da Yaya Uzairu. A shekarar da bama-bamai suka addabi Kano, na samo guntun nakiya wajen masu fasa dutse a Rano, na goga a aljihun shuɗiyar rigarsa tana kan igiyar shanya. Ita yake sawa duk Litinin in zai shiga birni. Na buga wa jami'an tsaro waya da muryar mai kishin ƙasa, na ce a tare mai shuɗiyar riga a motar farko da za ta taso daga Tarai ran Litinin. Tunda nake ban taɓa shirya abu ya tafi daidai ba sai wannan.

Yaya Uzairu, wanda ya rako ni ofishin, ya kama hannuna yana hawaye.

"Ka yafe mini, Zailani. Ni na ba Mahdi kwancen rigar, don kada ɗanka ya je neman aiki birni kamar marar gata."

Ya share ido.

"Gonar kuwa na bar maka. Ka sayar, mu ɗaukar masa lauya."