Sahu na Biyar

Da ma'aikacin maƙabarta ya jingina tsani a sabon bangon da ake jera tulunan tokar mamata a gurabensa, Mama ta ƙanƙame tulun tokar Baba.

"Ina za ka kai min shi?"

"Sahu na biyar, Mama," in ji ma'aikacin. "Can sama."

"Ɗan nan, dube ni da kyau. Ko saman firji sai na taka kujera."

"Ba a zaɓe. Bi da bi ake cikewa."

Shekara shida da ƙone gawar Baba, tokarsa tana falonmu a garin Ponce, domin gurabe sun ƙare a maƙabartar sojoji ta ƙasa. Mama ta yi ta aika wasiƙu har aka ƙara gini. Abin da take so ɗaya ne: ta riƙa zuwa tana dafa sunan mijinta.

Aka shigar da tulun, aka rufe da marfin dutse. Ta yi ɗage, ta miƙa hannu iya ƙarfinta. Saura taƙi biyu.

Na ce zan ɗaga ta.

"Yau da kake nan ke nan. Sauran ranakun fa?"



Ta sauke ido kan dutsen da ke daidai fuskarta, ta karanta. Wani kofur ne, shi ma ya yi yaƙin Koriya kamar Baba. Ta ƙwanƙwasa sau biyu.

"Kofur, ba ka san ni ba. Ni ce matar sajan ɗin da ke samanka. Ka isar masa na zo, kuma zan dawo Lahadi."

Ta ɗan jira. Sannan ta raba furen hannunta biyu, ta ajiye masa rabi.