Ƙafar da ta bi ta na'urar bincike

Tunda ka ce kunya ce ta hana ka zuwa asibiti, gyara zama in ba ka misali. Akwai wani tsohon direban tirela da hatsari ya cinye masa ƙafar hagu daga gwiwa, aka sa masa ta roba mai ƙarfe. Ya koma wani gari ya buɗe shagon taya, ya shekara goma sha biyu yana rufe ta da wando da safa. Duk wanda ya tambayi ɗingishinsa sai ya ce sanyin ƙashi ne. Da tafiyar Umara ta kama shi tare da 'yan majalisarsa huɗu, aka ce kowa ya isa filin jirgi awa uku kafin tashi. Shi kuwa ya ji labarin ƙofar binciken da ke ƙara in ta ji ƙarfe, sai ya ƙulla dabara: zai makara da gangan, abokan su wuce ciki, shi ya bi shi kaɗai ba idon sani. Ya zauna a gida yana shan shayi kamar ba shi ne mai tafiya ba. Da ƙyar ya samu aka ba shi katin shiga jirgi, ana dab da rufe kantar ba da katin.

To, dabara ta ci mai ita. Abokan nan sun wuce binciken, amma hankalinsu ya ƙi kwanciya, suka tsaya daga can ciki suna leƙen hanya. Yana sa ƙafa a ƙofar ta ɗauki ƙara. Ma'aikacin da ke tsaron ƙofar ya gane, ya ce masa a hankali akwai ɗaki a gefe inda ake duba mutum a asirce, sai dai mutum uku na gabansa. A daidai nan lasifika ta kira sunansa, kiran ƙarshe. Ya dubi layin ɗakin, ya dubi katin da ke hannunsa, sai zuciya ta ɗebe shi, ya ji haushin kansa fiye da na kowa. Ya zauna a kan benci a gaban jama'a, ya naɗe wando, ya kwance maɗauri, ya ɗora ƙafar a tiren na'urar binciken kaya kusa da hularsa da agogo. Ya ce da ƙarfi: "Waccan wanda ya ba ni ita ya karɓi abarsa. Wannan kuwa ba satowa na yi ba, ku duba ta da kyau." Wasu suka kau da kai, shi ko ko gezau. Na'ura ta haɗiye ƙafar ta fito da ita, ya ɗaura abarsa, ya ratsa abokan nan, kansa a sama, yana jiran wanda zai ce tak. Babu wanda ya yi zancen ƙafa, faɗan makara kawai suka rufe shi da shi suna jansa da sauri. Sai da jirgi ya ɗaga babbansu ya gaya masa cewa sun daɗe da sani, domin wanda ke tsayawa kusa da shi a sahu yana jin ƙarar ƙarfen duk sujada.

Ka ga mutumin da ya kusa rasa Umara saboda ɓoyon abin da kowa ya sani. Tashi ka je a duba ka, ka buɗe musu komai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.