Dodon Koɗi a Bakin Rami

Kumfar ce ta fara bayyana. Ƙanana, jere-jere, suna tasowa daga cikin yashi kamar an buɗe kwalbar lemo a gindin teku. Balkissa ta saki ihu.

"Yashim! Kana gani? Kana gani kuwa?"

"Ina gani, Dakta. Kunnena ne dai ya kusa tafiya," in ji muryar da ke cikin kunnenta. Yashim ɗan Kafanchan ne, shi ke kan jirgin ruwa can sama, yana kula da igiya da fitilu.

Ta yi dariya har numfashinta ya sarƙe. Ita da in jirgin ƙasa na Yellow Line zai haye gadar kogin Potomac a Amurka sai ta sunkuyar da kai don kada ta ga ruwa, yau ga idonta a ƙarƙashin tekun Karibiyan, a gefen wani tsibiri mai aman wuta.

Iskar da ke fitowa daga ramukan da ke cikin yashin nan irin wadda motoci da masana'antu ke zubarwa a sama ce, wadda teku ke shanyewa kullum yana ƙara tsami. A nan kuwa ƙasa ce da kanta take hura ta, tun kafin a haifi kakan kowa. Shi ya sa masu bincike ke rububin wurin. Wanda ya leƙa bakin ramin ya ga yadda sauran teku zai koma a zamanin jikoki. Abin kuma ba kyan gani. Murjani ya yi fari ya ruguje, duk mai ɓawo ɓawonsa ya zaizaye.

Amma bara wata kyamara ta wuce ta nan ta ɗauko hoto dishi-dishi, da wani ɗan abu a daidai bakin ramin. Balkissa ta ce dodon koɗi ne, kuma da ransa. Shugaban sashensu na bincike ya cire tabarau ya ce tsakuwa ce. Tun daga ranar ba ta da wata magana sai wannan. Yau ce ranar ƙarshe ta jirgin a wurin, ga hadari yana haɗowa daga gabas.

Issoufou, mijinta, ya roƙe ta ta bar wa wani aikin. Innarta, wadda ta sauka gidansu a Alexandria ta Amurka daga Maradi a makon jiya da ƙullin kanwa da yaji, cewa ta yi mace mai hankali ba ta irin wannan aiki a irin wannan lokaci. Balkissa ta ce musu to, ta kuma yi abin da ta yi niyya.

Wani ciwo ya kama ta a ƙugu, ya matse, ya saki. Ta ce gajiya ce.

"Ƙara haske ta hagu," ta ce.

Hasken ya zuba a kan wani baƙin dutse da kumfa ke tafasa a gefensa. Ba komai. Ta ƙara matsawa. Yashi, ɓaraguzan murjani, wani kifi mai ruwan toka da ya dube ta ya wuce abinsa.

Sai tsakuwar ta motsa.

"Wayyo Allah! Yashim, tana tafiya! Tsakuwar shugaba tana tafiya!"

Ga shi nan, bai fi ɗan yatsa ba, yana jan jiki a inda littattafai suka ce ba abin da zai rayu da ɓawo. Ga wani a bayansa. Ga na uku. Ɓawonsu kauri gare shi, sumul, har yana sheƙi. Balkissa ta rasa abin yi, sai ta kama waƙar biki ta ƙuruciyarta, ba ta ma san tana yi ba.

"Dakta, kyaftin ya ce igiyar ruwa ta fara tashi. Za mu ja."

"Ka ce masa don girman iyayensa ya dakata."

Ta miƙa hannun ƙarfen ɗaukar samfur. Kamar kullum, sai da ya ɗan yi jinkiri kafin ya bi abin da take so. Ya sauka a gefe, yashi ya tashi ya rufe komai. Ciwon ya dawo, wannan karon har cikin mara. Ta cije leɓe, ta jira ruwan ya washe.

"Dakta, lafiya? Na ji numfashinki ya canza."

"Murna ce. Riƙe igiyar nan!"

Yashin ya kwanta. Dodon koɗin yana nan, ko a jikinsa. Ta sake miƙa hannun a hankali, a hankali, har bakin ƙarfen ya kewaye shi. Ta ɗaga. Ta kai shi bakin kwalba. Ya faɗa ciki, murfin ya rufe. Can ƙasan kwalbar ya fito da 'yan ƙahonninsa yana dube-dube.

Jirgin ya kaure da sowa, tana jin su a kunne suna buga ƙarfe. Yashim yana ta maimaita sunanta. Ita kuwa guɗa ta rangaɗa, irin ta matan Maradi, doguwa, hawaye na bin kumatunta.

"Ku ja! Ku ja shi sama, na gama!"

Sai ta ji ruwa mai ɗumi yana bin ƙafafunta.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi, Inna ta faɗo da muciya a hannu, guɗar ce ta taso ta daga kicin. Balkissa ta saki sandar da take tuƙa na'urar nutso mai kyamara da ke can gindin teku da ita, ta ture kujera daga gaban kwamfutar, ta dubi kafet ɗin ɗakinta da ke saman bene a Alexandria, sannan ta dafe ƙaton cikinta tana dariya: "Inna, kira Issoufou. Faya ta fashe."