Tela da Duwatsun Bayan Ɗaki

Tunda ka ce da saukar damina za ka shuka gangaren bayan gidanka, ajiye garmar tukuna ka ji abin da ya sami wani tela.

Gidan telan a gindin tsauni yake, gadon ubansa. A bayan gidan akwai ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma ashirin ba. Kansa ya jingina da tsaunin, ƙarshensa kuma ya gangaro ya tokari bangon ɗakin mahaifiyarsa, ginin ƙasa. Tsohuwar ta shekara uku ƙafafu sun ƙi, sai an ɗaga ta, sai an kwantar. Jerin duwatsu uku ne suka gitta filin nan, duk a karkace, ciyawar jema ta cika tsakaninsu. Tela kuwa, ka san halinsu, idonsa ba ya ƙaunar karkataccen abu. Da ya yi niyyar yin lambun kayan miya, sai ya tumɓuke jemar, ya kwashe duwatsun ya tara a gefe, wai maɓoyar kunama ce. Ya kafa turaku, ya ja igiya, ya tayar da kunya goma sha biyu daga sama zuwa ƙasa, kowace ta miƙe sambal kamar ɗinkin kekensa. Tsohuwa ta ji ƙarar duwatsu daga kan gadonta, ta ɗaga murya ta ce, "Kai wannan, bar duwatsun nan inda ka same su. Kunyar gangare gittawa take yi, ba ta bin hanyar ruwa." Ya ce, "To, Inna." Ya ci gaba da aikinsa, yana cewa a ransa ina tsohuwar da ba ta ko leƙa waje ta san tsarin lambu.

Ruwan fari ya sauka a hankali. Kuɓewa ta fito, yakuwa ta yi shar, barkono ya jeru. Masu wucewa sai sun tsaya sun yaba, shi ko tela sai hura hanci. Da marka ta kama, wata safiya ya shiga gaida uwar, ya ga gindin bango ya yi duhu da laima, ya taɓa ya ji taushi. Ya zagaya baya, ya tarar jar ƙasa ta taru a jikin ginin. Ya gane abin da ake ciki sarai, amma gyara na nufin tattake kuɓewar da ta fara fure, kuma na nufin a ce tsohuwa ta fi shi gaskiya. Sai ya ce bari a ci kuɓewar tukuna. Daga ranar bai ƙara jin daɗin ganin hadari ba.

Ran nan bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yana kan keken ɗinki ya ji wani ruri wanda ba na rufin kwano ba ne, daga bayan gida yake tahowa. Ya fita da gudu. Kowane kwarin kunya ya zama rafi, su goma sha biyu, duka suna zubewa wuri guda, gindin ɗakin Inna. Ya suri garma ya toshe ɗaya, na kusa da shi ya ɓalle. Kuɓewarsa na wucewa ta tsakanin ƙafafunsa da saiwarta. Ya ɗaga kai ya ga tsaga ta tashi daga ƙasan bangon tana hawa, yana kallonta tana buɗewa. Daga ciki ba ya jin komai sai salatin tsohuwa. Ya jefar da garmar ya zagaya ƙofa, ƙofa ta ƙi, don ginin ya riga ya karkata ya danne ta. Ya sa kafaɗa sau ɗaya, sau biyu, yana kiran Inna da muryar da shi kansa bai san ta ba. A na uku ta buɗe. Jan ruwa ya kai idon sawu, ƙasa na zubowa daga rufi kan bargonta. Ya goya ta, ya fito. Bai yi taku biyar ba bangon ya kwanta a kan gadon da ya ɗauke ta.

Washegari maƙwabta suka yi ta shigowa jaje. Lambu kuwa babu shi, sai dutse tsirara, ƙasar duk ta koma cikin ɗakin da ya rushe. Tsohuwa na kwance a rumfa, ta dubi tarin duwatsun da ya watsar, ta ce, "Ni na jido su a kaina, ɗaya bayan ɗaya, shekarar da nake da cikinka. Shekara arba'in suna tare maka ruwa." Rani ya ƙare masa yana mayar da duwatsu a karkace yadda suke, yana ɗauko ƙasa a kwando daga bakin rafi.

Saboda haka kafin ka sa garma, tsaya cikin ruwan sama ka ga inda yake bi, ka kuma tambayi wanda ya riga ka zama a wurin me ya sa ya ajiye abin da ya ajiye. Hausawa sun ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.