Wanda Bai Taso Ba a Yawuri

Shi ya riga kowa ganin wannan dabara, in ji tsohon, tun ba a haifi mai koyar da ita ba. Ya baro sarin kaya a kasuwar Sanyuanli, can ƙasar waje, don ya kalli ɗansa, ɗalibi, yana koyon kifar da siririn kwale-kwale a tafki da tayar da shi.

"Baba, ba a gaggawar ɗago kai. Ƙugu ke juyo da jirgin."

"Ni za ka koya wa? Ban shiga aji ba, amma na kife a kogin Yawuri, ga ni da raina!"

Ɗan ya ja numfashi, ya kife. Gindin jirgin ya tsaya cik. Tafin ƙafar tsohon ya ɗauki sanyi, daidai inda ya taka kafaɗar ƙanensa ya taso, ya baro shi a ƙarƙashin kogin, shekara hamsin baya.

Jirgin ya juyo. A idon tsohon, fuskar da ta fito tana ɗigar ruwa ta ƙanen ce.

"Da ƙarfina na fito!" tsohon ya daka tsawa, ba wanda ya tambaye shi. "Mai musu ya nutsa can Yawuri ya tambayo ƙanena."