Fayil Ɗaya Tak

"Sake lissafawa," in ji likita, yana tsaye a kanta.

Mai ƙididdigar asibitin ta sake. Tun farko ta rubuta sharaɗin gwajin sabon magani: tsohon magani yana warkar da sittin cikin ɗari, kuma ba za a ce sabon ya fi shi ba sai tazarar ta wuce abin da sa'a kaɗai za ta iya kawowa. Cikin majiyyata ɗari biyu da aka ba sabon, ɗari da talatin da ɗaya suka warke. Saura ƙiris, amma bai kai ba.

Likita ya zaro fayil ɗaya daga na mamatan. "Cire wannan, lissafi ya fita. Na tabbata wasa ya yi da shan magani. Irinsu sai da bulala."

Fayil ɗin ba suna, sai lamba da shekaru da ranar rasuwa. Ta daɗe tana kallon ranar.

"Ko ƙwaya ɗaya bai taɓa tsallakewa ba, likita."

"Ke ya aka yi kika sani?"

Ta mayar da fayil ɗin cikin 'yan'uwansa, ta daidaita gefensa da tafin hannunta.

"Ni nake ba shi, safe da yamma. Baban yarana ne."